Shawarar da Baba ya ba ni a kan injin Shuɗiya

Yau Asabar na fita da niyyar ƙaramin aiki, wato in kai Shuɗiya, motata Fijo 504, wurin Baba bakanike ya saita mata kabureta, domin kwanan nan takan yi rawa idan tana tsaye a silo, wani lokacin ma ta mutu a bakin danja. Tafiyar safe ta yi daɗi, hanya babu cunkoso, gilasai a sauke, kuma a wajen Kakuri wani dattijo a kan babur ya ɗaga mini hannu yana murmushi, irin gaisuwar da waɗanda suka riƙe Fijo 504 a zamaninta suke yi wa duk wanda suka gani da ita.

Baba bai fara da kabureta ba. Ya ce in tayar da motar, ya sunkuyar da kai ya saurara, sannan ya ce in kashe. Ya cire murfin distributa ya nuna mini kwantak, wato ɗan ƙarfen da yake buɗewa yana rufewa domin fulogi ya sami wuta, bakinsa ya yi baƙi kuma tazararsa ta kusa rufewa. Ya goge shi da 'yar sanfefa, ya zura ma'auni ya mayar da tazarar milimita 0.4, ya ɗaure. Da na sake tayarwa sai ya sassauta distributar yana juya ta a hankali da yatsu biyu, kunnensa a kan injin, har ya sami wurin da yake so. Bayan haka ne ya taɓa sukurun kabureta, shi ma ɗan juyi kaɗan. Rawar ta ɗauke, sautin ya daidaita, ni kuwa raina fari ƙal.

Yana goge hannu da tsumma sai ya ce, "Alhaji, in za ka ji shawarata, ka fara neman injin Toyota ka ajiye."

Na ce, "Baba, ku ne da bakinku kuke faɗin haka? Ko wani abu kuka ji a injin?"

Ya ce, "Injin lafiyarsa ƙalau, zai ma iya fi na daɗewa. Amma idan ba na nan, wa zai saita maka shi?" Ya nuna yaransa da haɓa. Suna can ƙarƙashin dogon yaro sun kewaye wata sabuwar mota, ɗaya ya jona mata na'urar bincike, sauran suna leƙen abin da ta rubuta. Ya ce, "A cikinsu babu wanda ya taɓa zama ya kalli yadda nake gyara kwantak. Kuma ban ga laifinsu ba. Motoci nawa masu kabureta suke shigowa nan yanzu? Abinci suke nema, kuma abincin yana wancan gefen."

Da wani ne ya faɗa mini wannan magana da ba ta tsaya mini a rai ba, domin na saba jin ta daga bakin mutane da yawa. Abin da ya dame ni shi ne ta fito daga mutumin da ya koyi sana'arsa a kan wannan injin tun lokacin da masana'antar Fijo ta Kaduna take sabuwa. A 1975 aka fara harhaɗa motoci a Kakuri, ana ɗauko kayan a jirgin sama daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a kawo su Kaduna. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan jami'anta, ma'aikata suka saye ta da bashin mota, direbobin tasha suka riƙe wagon ɗinta. A Turai an daina ƙera salun ɗin a 1983, amma a nan an ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Duk tsawon wannan lokaci babu garin da za ka shiga a Arewa ka rasa bakaniken da zai warware injin Fijo ya mayar da shi ba tare da ya duba littafi ba. Yau ɗaya daga cikinsu ne yake ce mini in cire shi.

Na yi ƙoƙarin kare injin, ko da yake Baba ya fi ni sanin duk abin da na faɗa. Na tuna masa cewa an ƙera shi ne domin a riƙa sabunta shi: silif ɗinsa, wato kwanson da fistin yake kai da kawowa a ciki, zarewa ake yi, idan ya cinye sai a sa sabo da fistin da ringi, injin ya koma yadda yake ba tare da an kai buloki wurin masu gogewa ba. Na ce masa sa baƙon inji a 504 ba aikin ɗaure noti huɗu ba ne. Nata injin a kishingiɗe yake zaune, kuma ƙarfen da yake kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya a cikin bututu yake tafiya, saboda haka dole a yanke mazaunin inji, a yi walda, a yi dabara a wajen giya, a sake wayoyi. Idan aka gama za a sami mota mai tafiya, amma ba wadda ta fito daga Kakuri ba ce, kuma abin da aka yanke ba ya komawa. Motar da ta ci kyautar gwarzuwar motocin Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975, ba jikinta kaɗai ne ya yi wannan aiki ba.

Ba na zargin direbobin haya da suka canja inji. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda yake ciyar da iyali da mota dole ya lissafa kowace lita, kuma kabureta ba ta kai sababbin injuna tsimin mai ba. Amma Shuɗiya ba ta ɗaukar fasinja. Na riƙe ta ne domin a sami ko da guda ɗaya a unguwarmu da yaro zai buɗe bonet ya ga yadda aka yi ta tun asali.

Baba ya saurare ni har na gama, bai musa ko ɗaya ba. Ya ce, "Duk gaskiya ne, Alhaji. Ni dai idona ya fara gajiya, yanzu da kunne nake aiki fiye da ido." Wannan ce maganar da na dawo gida da ita, kuma ita ta hana ni barcin rana.

 

Maman yara ta lura ban ci abinci sosai ba, ta tambaya ko kuɗin gyara ne ya yi yawa. Na ce mata a'a, Baba ma da ƙyar ya karɓi abin da na ba shi.

Kafin in bar garejin na roƙe shi ya yarda in riƙa zuwa ranakun Asabar tare da yarona Abba, mu zauna mu koyi saitin kwantak da bawul da wankin kabureta a hannunsa, ko da a kan motar wani ne. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in sayo ma'aunin tazara nawa na kaina, domin ba a koyon wannan aiki da kayan aro. Abba ya amince da na gaya masa, da sharaɗin in bar shi ya tuƙa ta a dawowa, kuma na ce sai ya ƙware a kuloci tukuna. Ranar Litinin bayan an tashi daga aiki zan biya kasuwar Panteka in nemi ma'aunin, in ƙara da kwantak da kondansa na ajiya, in kuma tambaya ko har yanzu ana samun cikakken saitin silif da fistin na asali.