Sawun kwana shida da ya koma kwana 14

Da asubar Talata muka tashi daga Mararrabar Jos, wurin da manyan motoci ke yada zango a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Motar DAF ce mai tayoyi 22, goma a kai, sha biyu a bodi, ɗauke da buhu 300 na masarar Saminaka, wato tan 30, za a kai wani kamfanin abincin kaji a Badun. Ni rakiyar kaya nake. Direban dattijo ne mazaunin unguwar Rigasa a Kaduna, yaron motarsa kuwa bai fi shekara ashirin ba.

Lissafin da ya bar wa iyalinsa shi ne wanda kowane direban wannan hanya ke yi: kwana biyu zuwa, kwana ɗaya sauke kaya, ɗaya neman lodi, biyu dawowa, rana ta bakwai a gida. A baki lissafin ba shi da aibu, don tafiyar ba ta kai kilomita dubu ba. Sai dai babu ko ɗaya cikin waɗannan kwanaki da ke hannunsa.

Hanya mafi kusa ita ce ta Mando, a bi Birnin Gwari da Tegina a faɗa Mokwa, amma shekarun da 'yan bindiga suka yi suna tare ta sun sa direbobi da yawa sun saba da zagaye. Muka bi ta Abuja, muka wuce Kateri da Tafa, muka karya a Dikko zuwa Lambata. Daga nan ta Lapai da Agaie zuwa Bidda ne ake gane direba. Akwai ramukan da sai an sauko giya ta ɗaya, a sa ƙafar gaba a hankali, a jira bodi ya biyo. Idan wata motar ta kafe ko ta kwanta a gaba, to duk na bayanta sun kwana.

Kafin Bidda, ranar Laraba da hantsi, muka ji ƙara ta baya. Yaron ya dira ya leƙa.

"Oga, sifirin ne. Babban ganyen ya tafi."

Ga wanda bai san mota ba, sifirin ganyayen ƙarfe ne da aka jera aka ɗaure da ƙusar tsakiya. Babban ganyen ne ke riƙe da gindin tayoyin a mazauninsa. Da ya karye sai tayoyin wannan ɓangare su goce, motar ta dinga tafiya a karkace tana cin taya, in aka matsa kuma ƙusar ta tsinke sauran ganyayen su watse. Ramuka ne ke jawo shi, da lodin da ya wuce ƙima. Gyaran kansa aikin awa huɗu ne zuwa biyar: a datse tayoyi da dutse ko katako, a ɗaga da jak biyu saboda nauyin kaya, a kwance, a sa sabon ganye, a ɗaure.

Amma mu sai Juma'a da la'asar muka motsa, kuma a nan ne mutum zai fahimci inda hutun direba ke zurarewa. Kuɗin hanyar da ake ba shi an ƙayyade su: na gas, wajen lita 400 zuwa kawai a lissafinsa, na abinci, da na shingaye da 'yan tikitin jihohi. Babu na gyara. Dole a kira mai mota, mai mota ya ce a turo hoto ta WhatsApp, ya kira nasa makanikin ya ji ko farashin gaskiya ne, sannan ya turo kuɗi. Ranar Alhamis kuɗin suka shigo. Ganyen da aka samu a Bidda bai yi daidai da tsawon namu ba, sai da aka sa wani ya sayo a Panteka a Kaduna ya ba motar haya. Mai motar bai yi laifin da za a zage shi ba, an sha cutarsa da gyaran ƙarya. To amma kwana biyun nan ba za a rubuta su a ko'ina ba.

Can a gefen titi, muna cin shinkafa da wake da yaron ya dafa a risho ƙarƙashin bodi, na tambayi dattijon yadda ake ba su hutu.

"Malam, wane hutu? Mu da sawu ake biyanmu. Ranar da na kwana a gida, ranar ban samu ko sisi ba, shi ma oga bai samu ba. In na ce ina son sati guda, sai ya ce to kawo makulli a ba wani kafin ka dawo. Ka taɓa ganin an dawo wa mutum da makulli?"

Wannan ita ce matsalar gaba ɗaya. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi, amma yawancin direbobin masu mota ɗaya ko biyu ba su da takardar ɗaukar aiki, magana ce ta baki a gaban shaidu. A Turai direba ba ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana sai da ƙa'ida, bayan awa 4 da rabi dole ya huta minti 45, kuma akwai na'ura a motar da ke rubuta komai. A nan barci ne na'urar, shi ma ana yaƙarsa da goro da shayi mai kauri, wasu matasan da abin da ya fi haka muni.

Daga Bidda muka bi Kutigi, muka kwana Mokwa, muka haye gadar Jebba da safe. Ilori, Ogbomosho, Oyo. Mun shiga Badun Asabar da magariba, an rufe ƙofa, Lahadi kuma ba a karɓar kaya. Litinin muka tarar da motoci goma sha a gabanmu. Kowace sai ta hau sikeli da kaya, a soka buhuna a auna danshin masarar, a sauke, ta sake hawa sikeli ba kaya, sannan a sa hannu a takardar lodi. Masarar da danshinta ya yi yawa ana rage mata kuɗi ko a ƙi ta, kuma muddin mai kaya da kamfani suna ciniki ta waya, mota na tsaye. Talata muka sauke.

Saura lodin dawowa. Babu mai motar da zai yarda a ƙona gas daga Badun zuwa Kaduna da bodi fayau, ribar sawun a dawowa take. Muka koma garejin manyan motoci muna jiran 'yan kamasho. An yi mana tayin gangarawa Legas, dattijon ya ƙi, ya ce ko da tsarin kiran motoci na Eto da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo a 2021, wanda ya nufi tashar jiragen ruwa ta Apapa bai san ranar fitowarsa ba. Juma'a aka sami lodin kayan masarufi. Na Kano ne.

Tsofaffin hannu suna da dabarunsu, kuma na ga suna aiki fiye da roƙo. Ana haɗa hutu da ranar juyen baƙin mai da duba birki, tunda dole mota ta tsaya a Kaduna ko ana so ko ba a so. Ana faɗa wa oga ranar suna ko ɗaurin aure kafin a yi lodi, ba bayan an ɗaure tamfol ba, don da zarar kaya sun hau mota magana ta ƙare. Wanda ya yi dace yana horar da yaronsa har ya sami lasisi, ya zama shi ne zai riƙe motar sawu ɗaya, makulli bai fita daga gida ba. Kuma mai hankali ba ya yi wa iyali alkawarin rana, sai dai ya ce cikin sati mai zuwa in Allah ya yarda.

Ranar Litinin, kwana na 14, muka shigo Kaduna ta Gonin Gora muka hau baifas. Tun daga Kateri ya kira gida. Mai kayan Kano yana ta bugo waya, kuma ba a ajiye mota da lodin mutane a unguwa a tafi barci. A mahaɗar da ake shiga Rigasa wani yaro ɗan shekara goma sha biyu yana tsaye da kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali da leda mai wankakkun kaya. Dattijon ya gangara gefe bai kashe injin ba.

"Baba, sannu da hanya. Umma ta ce yaushe?"

"Ka ce mata in na sauke a Kano. Ya jikin ƙaramar?"

"Da sauƙi."

Ya miƙa masa ledar kayan dauɗa da kuɗin cefane, ya ce ya tsallaka titi a hankali. A nan ni ma na sauka. Kafin in sami Keke Napep, motar ta riga ta nufi Kawo.