Tarihin Rayuwata, Kashi na 27: Garin Jan Yaɓe

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya a inda muka kama aikin tsinkar lemo a gonakin da ke bayan Balensiya a ƙasar Sifaniya, mu bakwai a ɗaki biyu, da yadda Baba ya kira ni sau uku ban ɗaga ba. Wasunku sun yi mini faɗa a kan haka, kuma ban ga laifinku ba. Abin da ban faɗa muku ba shi ne na riga na san, ko in ce na ɗauka na san, abin da zai ce. Ƙanwata ta gaya mini cewa katangar gidanmu ta gabas ta zube a ruwan Agusta. Baba magini ne, shekara arba'in yana ɗora tubali, amma gwiwa ta hana shi hawa tsani. Ni ne babban ɗansa namiji, ni ne kuma wanda ya ƙi koyon sana'ar. Ga shi a lokacin ba ni da takardu, ba ni da abin aikawa. Kunya ce ta riƙe mini hannu.

Ranar 1 ga Nuwamba 2018 ba a fita gona ba. Hutu ne a duk Sifaniya, ranar da Kiristoci ke kai furanni kaburburan iyayensu. Ni niyyata in yi wanki in kwanta. Sai ga ɗan Marokon nan da ke kai mu gona a tsohuwar motarsa, wanda muke kira Direba, ya leƙo tun da asuba.

"Ɗan'uwa, tashi. Yau zan nuna maka Albarrasin, garin kakannina."

Direba Barbar ne, dangin Buzaye ta wajen harshe, kuma duk dutsen da ya gani a Sifaniya sai ya ce kakanninsa ne suka ɗora shi. Mun saba. Kawu, dattijon ɗakinmu mutumin Damagaram, ya ce in dai za a raba kuɗin mai uku to da shi. Muka cika fulas da shayi, muka ɗauki burodi da gwangwanin kifi, muka kama hanya.

Daga Balensiya zuwa Teruwel tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, kuma hawa ake yi tun daga bakin teku. Gonakin lemo suka ƙare, sai tsaunuka da fili fetal. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne rashin mutane. Ka yi tafiya mai nisa ba ka ga yaro ko ɗaya a bakin titi ba, ba mai talla, ba mai kiwo. Duk lardin Teruwel, da faɗinsa, mutanensa ba su kai dubu 140 ba, ƙaramar hukuma ɗaya a cikin birnin Kano ta ninka su. A jikin wasu bangaye an rubuta "Teruel existe", wato Teruwel na nan. Direba ya ce ƙorafi ne ga gwamnati, suna tuna mata cewa ba su mutu ba. Kawu ya ce wallahi da za a ba shi fenti, da shi ma ya rubuta irin wannan a ƙofar garinsu.

Daga Teruwel muka ratse yamma, kusan kilomita 37, hanya na bin kogi a tsakanin duwatsu. Muka wuce wani ƙaramin gari, Geya, inda Direba ya rage gudu ya ce kusan duk mutanensa a da jikokin Musulmi ne da aka tilasta wa shiga Kiristanci, aka kuma kwashe su gaba ɗaya a 1610. A wannan kora, wadda ta faro daga 1609 zuwa 1614, mutum kimanin dubu 300 suka bar Sifaniya. Ba wanda ya ce uffan a motar har muka sha wata kwana, Albarrasin ya bayyana a samanmu.

Na sha jin labarin Andalus a wa'azi tun ina yaro, a raina kuwa fadoji ne da marmara da maɓuɓɓugan ruwa. Abin da na gani gari ne ja, jan ƙasar Rano sak, an liƙa shi a jikin tsauni kamar gidan zanzaro. Kogi ya zagaye shi ta ɓangare uku, ta ɓangare na huɗu kuma ganuwa ta haura tsauni tsaye, tana hawa har inda wuya ke gajiya da kallo. Titin mota ma ta ƙarƙashin garin ya bi, an huda dutsen. Sunan kogin Guwadalabiyar, daga Larabci Wadil Abyad, farin kwari, shi ne kuma idan ya isa Teruwel yake zama Turiya ya gangara Balensiya. Ashe ruwan da ake ba wasu gonakin lemon da ke can ƙasa ta nan yake bi.

Muna buɗe ƙofar mota sanyi ya mare mu. Garin ya haura mita 1,100 a sama da teku. Ni da na zo da 'yar rigar sanyin da nake shiga gona da ita, sai haƙora suka fara kaɗawa. Kawu ya naɗe rawaninsa har hanci, 'yan yawon buɗe ido suka yi ta satar kallonsa.

Cikin garin lunguna ne da matakala, wasu ko jaki da mangala ba zai wuce ba. Saboda ƙarancin fili, ƙasan gida ƙanƙane ne, bene kuwa sai ya turo ciki waje, na samansa ya ƙara turowa, har rufin gidaje biyu da ke fuskantar juna su kusa haɗuwa. Akwai wani gida da suke kira Hulianeta, a tsakanin lunguna biyu, ya karkace kamar mai jin barci, amma ɗaruruwan shekaru yana tsaye. A ƙyauren wasu gidajen, ƙarfen ƙwanƙwasa ƙofa siffar ƙadangare ce. A shaguna kuwa cinyoyin alade ne rataye reras, don lardin ya yi suna da su. Muka sayi cukun tumaki, muka kawar da kai daga sauran.

Fadar da ke kan dutse ba a shiga sai da 'yar rakiya, muka biya muka bi ayari. Wata matashiya ce ke bayani, Direba na fassara mini inda Sifaniyancina ya gaza. Ta ce sunan garin daga Banu Razin ne, wani gidan Barbar, sai Direba ya zungure ni da gwiwar hannu yana washe baki. Da daular Ƙurɗuba ta wargaje a farkon ƙarni na 11, kowane mai ƙarfi ya yanki rabonsa ya ce shi ma sarki ne, su ma Banu Razin suka kafa tasu 'yar masarautar a nan. Sarakuna uku suka yi, Huzailu da Abdulmalik da Yahaya. Ta nuna mana tushen ɗakuna kewaye da tsakar gida, da inda gidan wanka yake. Tsarin bai yi mini baƙo ba ko kaɗan.

Sai wani ya tambaya wa ya kawo ƙarshensu. Ta ce Murabiɗun, a 1104, rundunar Musulmi da ta taso daga Sahara ta kafa Marrakesh. Na juya na kalli Direba.

"Ɗan'uwa, ashe kakanninka ne suka kori kakanninka?"

Bai fassara mini jimla biyu da suka biyo baya ba. Da kaina na tsinci sauran: wajen 1170 garin ya koma hannun wani basarake Kirista daga Nabara, Pedro Ruiz de Azagra, zuriyarsa suka riƙe shi ba sa bin masarautar Kastila ba sa bin ta Aragon, sai a 1284 sarkin Aragon Pedro na Uku ya yi masa ƙawanya ya ci shi. A wa'azin da na taso ina ji, labarin layi ɗaya ne, mu da su. A kan wannan dutsen na ji shi da rassa, da rikicin gado, da cin amanar maƙwabci, irin dai rigimar sarauta da kowa ya sani a gida.

Kawu ya ce shi ba zai hau ganuwa ba, wanda ya ƙetare hamada da ƙafarsa ba ya bin dutse don nishaɗi. Ya samu wani lungu da rana ke bugawa ya zauna yana rera Ishiriniya a hankali. Ita ma, in ba ku sani ba, 'yar ƙasar ce: Alfazazi da ya tsara ta mutumin Ƙurɗuba ne. Muna raira ta a Mauludi a ƙauyenmu ba tare da mun taɓa tunanin daga ina ta taso ba. Ni da Direba muka haura har hasumiyar Andador da ke can ƙololuwa, wadda aka gina tun ƙarni na 10. Iska a wurin kamar ta ɗauke mutum. Muka yi alwala da ruwan gora, yatsuna suka ƙage, muka yi Azahar a gefen bango, muka sauko da sauri.

A saukowar ne na gamu da abin da ya sa nake ba ku wannan labari. A wani lungu da 'yan yawo ba sa bi, wani tsoho na tsaye a kan ɗan gajeren tsani yana gyaran bangon gidansa. Ya kai shekara saba'in da wani abu. A ƙasa ga ƙaramin baho, ga buhun gari mai ruwan hoda. Na tsaya, ƙafata ta ƙi gaba. Ba ya kwaɓa da yawa, cikin tafi biyu ko uku kawai, ya shafa da sauri, ya sauko ya sake kwaɓawa. Kowace saukowa sai ya dafa gwiwa ya yi ɗan nishi. Wannan nishin na san shi.

Ban san lokacin da na tsuguna na riƙe masa tsanin ba. Ya kalle ni ta saman tabarau, bai ce komai ba, ya miƙo mini bahon. Na tambaye shi da guntun Sifaniyancina me ya sa ba ya kwaɓa mai yawa ya huta. Ya ce wannan "yeso" ne, ba ya jiran kowa, kafin ka juya ya daskare. Irin dutsen da ake ƙonawa a yi silin na POP ne, a tsaunukan nan ake haƙo shi, jan kuwa daga ƙarfen da ke cikin ƙasar yake, ba fenti ba ne. Na ce masa a wajenmu akasin haka ne: Baba kan kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta ruɓe kafin a taɓa ta, sannan a bi bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. Ban san kalmar ɗorawa da yarensu ba, sai na yi ta kwatance da hannu. Ya yi dariya, ya ce to ɗan magini ne kai, hau.

Na hau. Shekara goma sha ɗaya rabona da taɓa yaɓe, tun ranar da na jefar da kwandon ƙasa a gaban Baba na ce ni ba zan ƙare rayuwata da taɓo a ƙafa ba. Shafar farko ta zubo ƙasa. Ta biyu ta zauna. A ta uku na ajiye cokalin na sa tafin hannu, na ja daga ƙasa zuwa sama yadda Baba ke yi, tsohon ya ce a'a, a'a, sannan ya matso ya duba, ya yi shiru. Sai na ji muryar Kawu a bayana, ashe ya biyo mu.

"Kai, yaro! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dubi hannu!"

Tsohon ya shiga ciki ya fito mana da kofi. Ya ce mazauna garin kimanin dubu ɗaya ne kawai, da hunturu kuwa lungunsa gida uku ne kawai ake kunna wuta. Tun 1961 gwamnati ta sa garin cikin kayan tarihin ƙasa, shi ya sa ba ka da ikon canza kamannin bangonka yadda ka ga dama. Baƙi na zuwa su ɗauki hoto su tafi. 'Ya'yansa biyu, ɗaya na Saragosa ɗaya na Balensiya, sukan zo a watan Agusta. Na ce ba sa taya shi gyaran? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce suna kira a waya. Ya faɗe ta ba tare da ɗaci ba, yana kankare bahon da bakin cokali, kuma da ya zage su da ya fi mini sauƙi.

Muka sauko bakin kogi wajen La'asar sakaliya, muka ci burodi da cuku da kifi. Direba na ta lissafin kuɗin mai. Jan garin ya shige ƙarƙashin faratana ya bushe, na wanke da ruwan kogin bai fita ba. Na matsa gefe, na duba katin wayata, saura na minti shida. Na kira.

Ya ɗaga a bugu na biyu.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da yamma."

"Wa alaikumus salam. Ashe kana raye."

"Baba, a yi haƙuri. Na ji labarin katanga. In Allah ya yarda ƙarshen wata zan..."

"Wace katanga? Ƙaninka ya tayar da ita tun kafin kaka. Da bulo da siminti." Ya ɗan tsaya. "Ta miƙe dai. Ba ni na gina ba."

Na rasa abin cewa. Ina jin kukan awaki a bayansa, da muryar Inna tana tambayar wane ne.

"Ba don katanga nake nemanka ba," in ji shi. "Kawun yarinyar nan ne ya zo har sau biyu. Sun ce shekara huɗu ta isa, ba za su ƙara jiran wata damina ba. Ko ka turo magana kafin watan Mauludi ya fita, ko su ba wani. Me zan ce musu?"

Kafin in buɗe baki katin ya ƙare.

Amsar da na ba Baba, da wanda ya ranta mini kuɗin da na sake kiransa a daren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.