Layin da ya ƙi miƙewa

Har yau ina jin takaicin man janaretan da na ƙona cikin zafin bazarar Birnin Kebbi, ina farautar kuskuren da babu shi.

Aikina na digiri na biyu shi ne lissafa matsi da maganaɗisancin curin kwak (ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi proton da nutron) mai sanyi da cunkoso, irin wanda ake hasashen yana cikin taurarin nutron, wato ragowar manyan taurarin da suka fashe suka dunƙule. Wasu daga cikinsu ƙarfin filin maganaɗisu a samansu yakan kai gaus 10¹⁵ (gaus ma'aunin ƙarfin filin ne). Da tsarin NJL (Nambu–Jona-Lasinio), wani tsarin lissafin mu'amalar kwak da juna, na yi aiki. Da na ƙara ƙarfin filin, sai layin da kwamfuta ta zana ya yi ta hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Malamina ya duba ya ce, "Koma ka sake, akwai inda lissafin ya karye." Na ce, "To, Malam." Na sake rubuta komai tun daga farko. Haƙoran nan suna nan daram, ko gezau.

Ashe su ne ainihin sakamakon! Filin maganaɗisu mai ƙarfi yana tilasta wa kwak zama a wasu keɓaɓɓun matakan kuzari da ake kira matakan Landau, kuma tazarar matakan tana ƙaruwa da ƙarfin filin. Duk lokacin da mataki na sama ya fi ƙarfin kwak ɗin ya zama fanko, sai layin ya zabura. Masana kimiyya De Haas da van Alphen sun ga irin wannan a ƙarfen bismut tun 1930. Abin da ya ƙara rikita mu shi ne kwak iri biyu ne a lissafin, u da d: cajin lantarkin u kashi 2/3 ne na cajin proton, na d kuma 1/3 a ƙasa da sifili, don haka matakansu ba sa ƙarewa lokaci guda. Jeri biyu ne suka cakuɗe, shi ya sa zanen ya yi kama da shirme.

Wallahi gwajin da ya raba gardamar bai kai tsawon sallar la'asar ba. Na ɗaga zafin kaɗan, haƙoran suka fara dushewa. Na rage filin zuwa kusa da sifili, sakamakon da aka sani ya dawo. Kuskuren lissafi ba ya bin doka haka.

Duk wanda zai taɓa wannan aiki, kafin ya goge layi ɗaya, ya fara zana u daban, d daban, a kan 1/B (B shi ne ƙarfin filin), ya auna tazarar haƙoran.