Abin da gwajin jini ba ya nunawa a sashen wankin ƙoda

Abin da aka fara koya mini a aikin kula da masu wankin ƙoda shi ne karanta lambobi: yawan jini, fotashiyam, fosfet, ruwan da injin ya cire, da ma'aunin Kt/V, mai nuna yadda wankin ya tsabtace jini, wanda ake so ya kai aƙalla 1.2 ga mai yin wanki sau uku a mako. Ba na raina waɗannan lambobi, domin hauhawar fotashiyam kaɗai tana iya tsayar da zuciya. Sai dai sannu a hankali na fahimci cewa sakamakon gwaji yana iya yin kyau ƙwarai, alhali mai shi ya kwana bai runtsa ba saboda ƙaiƙayi, ko kuwa gajiya tana kwantar da shi har washegari bayan kowane wanki.

Idan aka tambayi majinyaci yaya jiki, amsarsa ba ta wuce da sauƙi. Wani yana ganin wahalar ai dole ce ga mai wannan ciwo, wani yana tausaya wa nas da aiki ya sha mata kai, wani kuma kunya ce take hana shi, musamman a kan raunin sha'awa ko baƙin ciki. A nan ne na ga amfanin tambayoyin da aka tsara. Ma'aunin DSI, wato jerin tambayoyi kan alamomin da masu wankin ƙoda ke ji, wanda aka wallafa a 2004, yana ambaton alamomi 30 ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ko mutum ya ji kowacce a makon da ya gabata da kuma yadda ta dame shi. Shi kuwa KDQOL-36, ma'aunin ingancin rayuwar masu ciwon ƙoda, tambayoyi 36 ne, 12 kan lafiya gaba ɗaya, 24 kan ciwon ƙodar da yadda ya takura wa rayuwa, kamar ƙayyade shan ruwa da hana tafiye-tafiye. Da zarar an kira ɗaurewar jijiya ko bushewar baki da sunansu, sai wanda ya ce da sauƙi ya fara bayani.

Yadda ake tambayar ma yana sauya amsa. Wanda aka miƙa wa doguwar takarda a awa ta huɗu a kan inji, jininsa ya sauka kansa yana juyawa, so yake ya gama kawai, kuma wanda ake karanta wa tambayoyi a gaban maƙwabtan gadonsa yakan ɓoye rabin abin da ke damunsa. Shi ya sa nake daraja gajeriyar tambayar nan ta tsawon lokacin da mutum yake ɗauka kafin ya dawo daidai bayan wanki, wadda binciken DOPPS, mai bin diddigin masu wankin ƙoda a ƙasashe da dama, ya nuna cewa tsawaitarsa tana tafiya tare da ƙarin haɗarin kwanciya asibiti da mutuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar da aka cike aka jefa a fayil. Mutumin da ya bayyana damuwarsa bai ga an yi komai ba, da wuya ya sake faɗin gaskiya. Idan ya koka da ɗaurewar jijiya, ya kamata a sake duba nauyin da ake son ya sauka a kai da saurin cire ruwan. Idan ƙaiƙayi ne, a duba fosfet da bushewar fata, a yi tunanin magani irin su gabapentin a ƙaramin awo, sannan bayan 'yan makonni a maimaita masa tambayar da aka yi masa tun farko domin a san ko maganin ya yi aiki.