Yadda muke raba aiki tsakanin waya da gajimare

Ƙaramin kamfaninmu da ke Kano yana ƙera manhajojin waya ne ga 'yan kasuwa da makarantu masu zaman kansu, kuma galibin masu amfani da su Itel ko Tecno suke riƙe da ita, wayar da ma'ajinta bai da yalwa, a unguwannin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Wannan ne ya sa muka dogara da gajimare, wato hayar manyan kwamfutocin wasu kamfanoni ta intanet, harkar da Amazon ya buɗe wa kasuwa a 2006.

Duk aiki mai nauyi can muke tura shi: haɗa lissafin cinikin wata, tattara sakamakon jarrabawar ɗalibai, da rage girman hoton haja kafin ya sauko, domin kada datar mai shago ta ƙare a banza. Amma shigar da ciniki ba ya jiran intanet. Wayar ce take ajiye shi nan take, sai ta aika idan sabis ya dawo, kuma Firebase, dandalin ajiye bayanan manhaja a gajimare wanda Google ya saya a 2014, yana sauƙaƙa wannan tsari ƙwarai. Amfanin tsarin ya fito fili a watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma: rahotanni sun yi jinkiri, amma masu shaguna sun ci gaba da rubuta cinikinsu.

Abin da abokan sana'a da yawa ba sa lura da shi, a ganina, shi ne nisan wurin da kwamfutar take. Microsoft ya buɗe cibiyoyin kwamfutocinsa na gajimare a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024, sai mutum ya ɗauka cewa tunda nahiya ɗaya ce, can ne ya fi kusa. Ba kullum ba ne, domin saƙo hanyar wayoyin teku yake bi, kuma sau da yawa Landan takan riga Cape Town amsawa. Shi ya sa muke auna saurin amsawa da layukan MTN da Airtel kafin mu zaɓa, hotuna kuwa mukan bar kwafinsu a ma'ajiyar Legas ta Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin bayanai kusa da masu amfani da su.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne mai zafi. Da dala ake biyan hayar, mu kuma naira muke karɓa, kuma tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 kuɗin ya ninka fiye da sau biyu ba tare da aiki ya ƙaru ba. Yanzu mukan kashe kwamfutocin gwaji da dare, muna kuma ƙirga sau nawa manhaja take tuntuɓar gajimare kafin shafi ɗaya ya buɗe, mu rage duk tambayar da wayar za ta iya amsa wa kanta.