Abin da murɗin Dehn ya koya mini game da rabon Heegaard

Lokacin da na fara nazarin rabon Heegaard, na ɗauka cewa wahalar tana wajen fahimtar rabon ne kawai. Ma'anarsa kuwa ba ta da wuya: kowane rufaffen manifol mai awo uku (wato sarari wanda kowane ɗan yankinsa ke kama da sararin da muka sani) da ake iya fuskantarwa (wato dama da hagu ba sa musanyawa in an zagaya cikinsa) yana rabuwa gida biyu ta hanyar wata shimfiɗa, kowane gida kuma dunƙulallen jiki ne mai mariƙai, kamar ƙwallon da aka liƙa wa hannaye. Poul Heegaard, ɗan ƙasar Danmak, ya kawo wannan tunani a kundin digirinsa na 1898. Wahalar ta bayyana ne sa'ad da malamina ya ce in lissafo duk sauye-sauyen da ke mayar da shimfiɗar kan kanta ba tare da sun ɓata ko ɗaya daga cikin gidajen biyu ba, wato abin da ake kira rukunin Goeritz.

Na fara da mafi sauƙi, wato toros, shimfiɗa mai siffar tayar mota mai rami ɗaya, da ke raba sufiya mai awo uku (fatar ƙwallo mai awo huɗu) gida biyu masu mariƙi ɗaya-ɗaya, na kuma yi kuskure tun a matakin farko. Na yanka shimfiɗar a kan da'irar da ke kewaye faifai a gida na ciki, na murɗa ta zagaye guda, na sake liƙewa. Wannan shi ne murɗin Dehn. Da yake murɗin yana ratsa gida na ciki lafiya lau, sai na sanya shi cikin rukunin. Kwana biyu na yi kafin na lura cewa ɗaya da'irar, wadda ke kewaye faifai a gida na waje, murɗin ya karkatar da ita zuwa wata da'irar da ba ta kewaye kowane faifai a can. Da na mayar da batun lissafin matiriks, sauyi biyu kacal suka rage: barin komai yadda yake, da juyin rabin zagaye. Tun daga ranar nake gwada kowane sauyi a gidajen biyu kafin in amince da shi, domin zane a takarda gida na ciki kawai yake nuna wa ido.

A rami biyu ne, wato idan shimfiɗar da ke raba sufiyar tana da rami biyu, kowane gida kuma yana da mariƙi biyu, abin ya yi armashi. Lebrecht Goeritz ya nuna a 1933 cewa 'yan sauye-sauye ƙalilan ne ke haifar da rukunin duka, ko da yake rukunin ba shi da iyaka, saboda ana iya kama mariƙi ɗaya a yi ta murɗa shi rabin zagaye ba tare da an dawo mafari ba. Na fi amfana da hujjar Martin Scharlemann ta 2004, wadda ke bin sufiyoyin da ke yanka shimfiɗar a da'ira guda mai raba mariƙan biyu. A ganina ta fi sauƙin bi da fensir.

Rami uku kuwa ya koya mini taka-tsantsan da abin da aka riga aka buga. Jerome Powell ya ba da jerin sauye-sauyen da ya ce sun wadatar wajen haifar da rukunin ga kowane adadin ramuka a 1980, daga baya Scharlemann ya gano giɓi a hujjar, sai magana ta koma hasashe. Michael Freedman da Scharlemann ne suka tabbatar da hasashen ga rami uku a 2018. Na shafe mako guda ina dogaro da tsohuwar hujjar kafin malamina ya nuna mini inda ta tsinke, dole na sake rubuta babi guda na aikina.