Kafin ka kira shi camfi, ka auna

Ɗan ƙanwata yana koyon haɗa manhaja a Yaba, nan Legas. Ran Lahadi a gidanmu na Agege na ji shi yana waya da kakarsa, tana gaya masa ta zuba toka da barkono cikin wakenta saboda ƙwari. Yana ajiye wayar ya ce, "Kawu, Hajiya dai da camfi!" Na yi shiru, don ni ma na faɗi wadda ta fi wannan muni.

Mahaifina marini ne a Kano. Ina yaro nakan ga ya dama ruwan baba da toka da katsi, ya bar rijiyar rinin kwanaki tana tsima, ya sunsuna, wani lokaci har ya ɗanɗana da yatsa kafin ya ce ta nuna. A tsoma zane ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi a gaban idonka. Da na zo Legas karatun kimiyyar sinadarai, kunya nake ji a ga hannunsa idan ya kawo mini ziyara. Sai daga baya na fahimci ƙwayoyin halitta ne ke cinye iskar da ke cikin rijiyar har shunin ya narke ya shiga zare, iskar waje kuma ta mayar da shi yadda yake. Abin da na yi ta haddacewa don jarrabawa, shi da hanci yake auna shi.

Ban taɓa tambayarsa awon toka ba. Ya rasu da abinsa, Allah Ya jiƙansa. To amma a yi mini adalci: rini ya daina ciyar da gida, atamfar waje da shunin kanti sun kwashe kasuwa, kuma babu malamin da ya taɓa ambaton karofi, wato wurin rini, a aji. Wa zai ga laifin yaron da ya gudu? Ni dai ina gani.

Waɗanda suka tsaya suka saurara sun ci riba. Niprisan, maganin sikila da aka haɗa a Abuja, daga hannun mai maganin gargajiya ya samo asali, har da masoro da kanumfari a ciki. Tu Youyou ta ƙasar Sin tsofaffin littattafan magani ta tono, ta fito da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Mohammed Bah Abba ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka daina saurin ruɓewa a ƙauyukan Jigawa.

Shawara na zo da ita da yawa, amma ku yaran yanzu ba ku iya sauraron abin da ya wuce minti ɗaya. Ku ɗauki wayar nan da kuke ɓata dare a TikTok, ku naɗi tsofaffinku: mudu nawa, kwana nawa, wane ganye. Ku girmama abin da suka faɗa. Kuma kada ku yarda da shi sai kun auna. Tukunyar Bah Abba da busasshiyar iska take aiki. Kawo ta kasuwar Mile 12 a Legas da damina, inda iska ke jiƙe sharkaf, tumatur ɗinka zai ruɓe kana kallo. Mai tallan magani a bas ɗin Oshodi da kwalba ɗaya mai warkar da basir da hawan jini da rashin haihuwa, shi ma da sunan kakanni yake rantsuwa, ƙodarka ce za ta biya.